Shekara Biyu Ina Tsoron Hannuna

Iyayena da 'yan'uwana, na kawo muku gaisuwa cikin sunan Yesu Kiristi, wanda ya bar ni da rai da hankali har na tsaya gabanku yau. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Bitrus. Mutanen Shango sun san ni, ni ne mai shagon aski na kusa da masu niƙa. Daga kudancin Kaduna na zo Minna ina saurayi, a nan na koyi sana'a, a nan na auri Saratu, a nan Allah ya ba mu 'yarmu Rahila. Kawuna da yawa a cikin majami'ar nan sun bi ta hannuna. Saboda haka abin da zan faɗa zai yi wa wasunku nauyi. Ina roƙo ku bar ni in kai ƙarshe.

Abin ya fara ne wata Asabar da damina. An ɗauke wuta, kilifa ba ta aiki, sai na koma reza. Wani malamin makaranta ne a kujera, mutum mai fara'a. Ya kwantar da kai baya, ya lumshe ido, na shafa masa sabulu ina gyara gemu. Da na zo ƙasan haɓa, idona ya faɗa kan jijiyar wuyansa tana harbawa. Kawai sai wani tunani ya faɗo mini: in ka danna rezar nan fa?

Ba murya na ji daga waje ba. Tunani ne a cikin kaina. Har hoton abin na gani, jini a kan farin ƙyallen da na ɗaura masa.

'Yan'uwa, ni ko kaza ba na iya yankawa! Duk Kirsimeti maƙwabcinmu Musulmi nake kai wa. Mutane na zaton don a ci tare ne kawai, alhali har da tsoro.

Na ce da mutumin fitsari ya matse ni, na zaga bayan shago na yi amai. Da na dawo na ƙarasa masa da ƙyar, ya yi godiya, ya tafi yana waƙa. Bai san kome ba.

Na ce gajiya ce, gobe zai wuce. Bai wuce ba.

Litinin tunanin ya dawo. Talata ya dawo. Duk wanda ya kwantar da kai a kujerar nan, sai tunanin ya zo. Wanda na fi ƙauna, a kansa ya fi ƙarfi. Sai na shiga dabara. Kafin in taɓa reza, sai na kira jinin Yesu sau bakwai a zuci. In na ruɗe a ƙirge, in koma farko. In wani ya yi mini magana a tsakani, in koma farko. Mutum na zaune yana jira, ni ina tsaye da baki yana motsi. Bakwai ta daina isa, ta koma goma sha huɗu.

In na gama wa mutum, sai in bi shi har bakin titi ina leƙen wuyansa. Ya tafi lafiya lau a gaban idona, amma zuciyata ta ce, ka tabbata? Da rana in kunna rediyo ina jiran in ji an tsinci wani a Shango cikin jini.

Na yanke wa kaina hukunci: aljani ya shige ni, ko kuma ni mai kisan kai ne da ranarsa ba ta zo ba tukuna.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Mai aski ya ce yana tunanin yanka mutane? Na daina cin Jibin Ubangiji. In an zo da shi layinmu sai in sunkuyar da kai ya wuce. Na fita daga ƙungiyar mawaƙa, na ce maƙogwaro ke damuna.

A ɓoye na tafi wani gidan addu'a a hanyar Maikunkele, wurin wani da ke kiran kansa annabi. A gindin mangwaro na ga wata budurwa zaune da sarƙa a ƙafa, tana kallon wuri ɗaya, ƙudaje na bin gyambon da sarƙar ta yi mata. Ban ba mutumin cikakken labari ba, na ce dai mugun tunani na jini ke damuna. Ya zaga ni sau biyu, ya kalli tafin hannuna.

Ya ce, "An zubar da jini a gidanku tun zamanin kakanni. Jinin nan yana kiran wani. In ba a karya abin ba, kafin shekarar nan ta fita hannunka zai aikata."

Ya sa ni azumin kwana uku ba ci ba sha. Na yi. Na sake yi. Na rame, idona ya zurma, tunanin kuwa ya ninka. Yanzu kuma ga wa'adi a kaina. Duk safiya in na duba kalanda, sai in ga shekara tana matsowa ƙarshe.

Sannan abin ya biyo ni gida.

Wata Lahadi bayan sujada, Saratu na zaune tsakar gida tana feraye doya, Rahila na gefenta, lokacin tana da shekara tara. Saratu ta tashi duba tukunya, ta bar wuƙa a kan faranti. Na kalli wuƙar. Na kalli wuyan 'yata.

Ya Ubangiji! Ba zan iya kwatanta muku ba. Na tashi da gudu ba takalmi, sai da na tsinci kaina a bakin babban titi.

Washegari, da suka fita, na tattara duk wuƙaƙen gidan, har da almakashin ɗinkinta, na jefa su a masai.

Da yamma Saratu ta ce, "Baban Rahila, ina wuƙaƙen gidan nan?"

Na ce ban sani ba.

Ta sayo wata. Ita ma ta ɓace. Ta koma aro a maƙwabta, ta yi aiki ta mayar. Ba ta sake tambayata ba, sai dai ta bi ni da ido.

Na daina ɗaukar Rahila. Na daina zama kusa da ita. Wata rana ta dawo makaranta da murna, ta ci jarrabawa, ta rugo za ta rungume ni. Na daka mata tsawa, "Koma baya!" Ta tsaya cak, takardar na hannunta. Daga baya na ji tana tambayar uwarta a kicin, a hankali, "Mama, me na yi wa Baba?"

Na rufe shago. Wata uku yana rufe. Ɗinkin Saratu ne ya riƙe gidan. Ni kuwa ina kwance a ɗaki, hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Da watan Nuwamba ya shigo, na yanke shawara. Zan je ofishin 'yan sanda in ce su kulle ni kafin in yi ɓarna. In sun ƙi, zan yi ƙaryar na aikata wani laifi. Gara in ruɓe a kurkuku da in taɓa 'yata.

Ranar wata Juma'a da safe na yi wanka, na sa tsohuwar riga, na ce da Saratu zan je Kuta ganin wani aboki. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

A hanya na biya ta shago in gan shi na ƙarshe. Na buɗe kwado, na shiga, na turo ƙofa. Ƙura ta rufe madubi. Na durƙusa a ƙasa.

Shekara biyu ina addu'a da ƙirge, amma ran nan ban ƙirga kome ba. Ba ni da sauran ƙarfi. Na ce, "Ya Uba, na gaji. Ka san ban roƙi wannan abu ba. In ni mugu ne, ka sa su kulle ni yau. In kuma ba mugu ba ne, ka aiko wanda zai gaya mini abin da ke damuna, don ni ban sani ba."

Na kifa goshi a kan kujerar aski ina kuka kamar yaro.

Sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Salamu alaikum! Bitrus, kai ne a ciki? Na ga babu kwado."

Alhaji Ndagi ne, wani dattijo Banufe daga Bida. Ya fi shekara shida yana zuwa wurina duk Juma'a kafin masallaci. Na san dai ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya, ban san fiye da haka ba. Ya turo ƙofa, ya gan ni a ƙasa. Murmushinsa ya ɗauke.

Ya ce, "Subhanallahi. Wa ya rasu?"

Na ce, "Baba Alhaji, ka fita. Don Allah ka fita. Ba ni da aminci."

Bai fita ba. Ya kaɗe benci da hularsa, ya zauna. Ya ce, "Masallaci sai ƙarfe biyu. Ina jinka."

'Yan'uwa, abin da ban gaya wa matata ba, ban gaya wa Fasto ba, shi na zube wa dattijon nan. Har na gaya masa cewa shi kansa na sha ganin jininsa a kan ƙyalle. Ina magana ina jiran ya zabura ya yi ihu a tara mini jama'a.

Da na gama ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"A shekara biyun nan, mutum nawa ka yanka?"

"Ko ɗaya, Baba."

"In tunanin ya zo, daɗi kake ji?"

"Daɗi? Ji nake kamar in mutu!"

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ɗana, shekaru na yi ina aiki a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Na ga mai jego da ta ƙi ɗaukar jaririnta don tsoron za ta jefar da shi. Na ga malamin da saɓo ke faɗo masa a rai yana tsakiyar salla. Ni ba likita ba ne, ba zan yanke maka hukunci ba. Amma abin nan naka na san kamanninsa. Ciwo ne, kuma ana maganinsa. Ba wurin 'yan sanda za ka ba. Gida za ka, ka gaya wa matarka. Litinin da safe zan zo mu je asibiti."

Halleluya! Ban ko tashi daga durƙuson ba Allah ya amsa. Kuma bai duba addinin ɗan aiken ba.

Na koma gida na gaya wa Saratu kome. Ba zan ɓoye muku ba, ta tsorata. Na ga ta waiga ta kalli ƙofar ɗakin Rahila. Sannan ta fashe da kuka. Ta ce, "Ni na zaci ƙungiyar asiri ka shiga, suna neman jinin yarinyar nan. Wata biyu ke nan kayanmu na ɗaure a ƙarƙashin gado." Ta jawo jakar ta nuna mini.

Da yamma muka je wurin Fasto. Ga shi nan zaune, shi ne shaida. Na zaci zai dakatar da ni. Sai ya kama hannuwan nan biyu da nake tsoro, ya riƙe su gam, ya yi addu'a. Ya ce, "Bitrus, hikimar likita ma daga wurin Allah take. Litinin da ni za a je."

Haka muka tafi mu huɗu. Ina tafe ina jan hula kada wani ya gan ni a layin da mutane ke kira na mahaukata. Da muka zauna sai na ga mutane ne kamar ni da ku. Kusa da ni wata tsohuwa ce da ta manta sunan ɗanta, shi kuma yana gyara mata ɗankwali da haƙuri. Akwai wani ɗalibi da littafinsa a hannu. Wata mai goyo ta ce da Saratu tun da ta haihu take kuka ba dalili, amma yanzu da sauƙi. Babu sarƙa a ƙafar kowa.

Likitar mace ce. Ta yi mini tambayoyi sun fi awa guda. Ko ina jin muryoyi? Ko ina shan wani abu? Ko ina da fushi da wani? Ko na taɓa tunanin kashe kaina? Na amsa gaskiya. A ƙarshe ta ajiye biro.

Ta ce, "Malam Bitrus, ciwonka yana da suna a Turance, da Hausa kuma waswasi ya fi kusa. Kowane mutum mugun tunani yakan gifta masa ya wuce. Kai naka maƙalewa yake yi, kuma abin da ka fi ƙi shi yake kamawa. Ƙirgen da kake yi, da ɓoye wuƙa, da bin mutane, suna ba ka sauƙi na minti biyar, amma su ke ciyar da shi."

Na ce, "Likita, an ce kafin shekara ta fita zan aikata."

Ta ce, "Wanda ya faɗa maka bai san ciwon ba. Za mu ga Janairu tare."

Ta ba ni ƙwaya ɗaya kullum da safe, ta ce kada in sa ran sauƙi kafin makonni. Gaskiyarta. Makon farko tashin zuciya, mako na uku babu canji. Na ce da Saratu zan daina. Ta ce, "Ka daina, ni kuma in kira Fasto da Alhaji yanzun nan." Na haɗiye.

Magani bai kai aikin da likita ta ba ni wuya ba. Ta ce in riƙe reza a gabanta minti goma, tunanin ya zo, kada in kore shi, kada in ƙirga. Na ce, "To in daina addu'a ke nan?" Fasto, da ya raka ni ran nan, shi ne ya amsa. Ya ce, "Ka yi addu'a kamar ɗa da ubansa, safe da yamma. Ƙirgen nan ba addu'a ba ne, tsoro ne." Na riƙe rezar, gumi na zuba har ƙasa. Abin mamaki, kafin minti goma su cika, tsoron ya fara sauka da kansa.

Daga nan sai feraye doya kusa da Saratu. Daga nan sai Rahila ta zauna tare da mu. Janairu ta zo ta same ni ina yanka albasa, 'yata na jingine da kafaɗata. Ku yabi Ubangiji!

Da likita ta ce lokaci ya yi in koma kan mutum, Alhaji Ndagi ya ce shi ne na farko. Ranar Juma'a ya zo, ya hau kujera, ya ce, "Ba kilifa ba. Reza." Ya kwantar da kai, ya rufe ido.

Na shafa sabulu. Na zo ƙasan haɓa. Tunanin ya zo, da ƙarfinsa, da hotonsa.

Na ce, "Baba, ya zo."

Bai buɗe ido ba. Ya ce, "To, ka bar shi ya zauna a benci. Kai ka yi aikinka, kada in makara."

Na aske shi tas. Da ya tashi ya duba madubi ya ce gefen hagu bai yi daidai ba, in gyara. Muka yi dariya har hawaye.

Amma 'yan'uwa, labarin bai ƙare a kaina ba. Likita ta taɓa ce mini ciwon nan yakan bi gida, kuma ba ya zaɓen shekaru. Sai idona ya buɗe a kan Rahila. Yarinyar nan in tana aikin makaranta, sai ta goge ta sake, ta goge ta sake, har takarda ta huje. Mun sha dukanta a kan ɓarnar littafi. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta tambayi uwarta, "Mama, ba za ki mutu yau ba ko?" Sai an amsa sau uku, in ba haka ba ta yi ta kuka a bakin ƙofa. Mu muna cewa shagwaɓa ce.

Muka kai ta. Ita ba a ba ta ƙwaya ba. Likita ta zauna da ita da wasa da zane, mu kuma ta koya mana mu ajiye bulala, mu rage amsa tambayar a hankali. Da wuya, amma yau Rahila na sakandare, littattafanta ba huji. Na durƙusa na roƙi yarinyar nan gafara.

Da Ista muka je ƙauye. Da hantsi na sami mahaifina a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ya haura saba'in. Na zauna na ba shi labarina duka. Sai ya ajiye fartanyar.

Can ya ce, "Bitrus, ka taɓa ganina a bakin rijiya?"

Na yi tunani. Ban taɓa ba. Tun muna yara ana yi masa tsiya a gari, wai namijin da ke tsoron ruwa.

Ya ce, "Tun kafin a haife ka, in na tsaya bakin rijiya da mutum, sai zuciyata ta ce in tura shi. Da uwarka, da kai, da kowa. Sau uku ana zaɓena dattijon ikkilisiya ina ƙi, don na san abin da ke cikina. Na ɗauka ni maye ne. Na ɗauka da shi za a binne ni, in je in amsa a gaban Allah."

Fiye da shekara arba'in, 'yan'uwa! Shi kaɗai, ba wanda ya sani!

Na kawo shi Minna. Saboda shekarunsa likita ta fara auna jininsa da zuciyarsa, ta ba shi magani kaɗan, ta bi shi a hankali. Ya yi wata huɗu a wurinmu. Wata safiya na fito, sai na gan shi a bakin rijiyar gidanmu, Rahila na gefensa, su biyu suna jan guga ɗaya. Hawaye na bin gemunsa, amma bai saki igiyar ba. Da gugan ya fito ya ɗebi ruwan da hannu ya wanke fuska, ya ce, "Ashe haka sanyinsa yake in mutum ya ja da kansa."

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Har yau tunanin yakan leƙo, musamman in na gaji. Har yau ina zuwa asibiti duk wata uku. Amma ba ya mulkina kuma.

Na gode wa Allah Uba da ya ji kukana a ƙasan shago. Na gode wa matata da ta kwance kayanta. Na gode wa Fasto, da likita, da Baba Alhaji.

Na san a cikin ɗakin nan akwai wanda ke ɗauke da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Wataƙila kai ne, wataƙila ɗanka ne da kake duka, wataƙila tsohuwarka ce da aka fara nunawa da baki. Kada ka kai shekarun mahaifina kana shiru. Ka yi addu'a, ka buɗe baki, ka je asibiti, kada ka yarda a sa wa naka sarƙa. Ka dogara ga Yesu, ba ya ƙyamar abin da ke cikin kanka. In kana jin kunyar zuwa kai kaɗai, ka same ni bayan sujada. Litinin da safe zan raka ka.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin!